Taurarin Sallah sun lalace mini: da me kuke sandarar da ƙananan saƙar kwarashi?

Maman Nafisa, Tawa: Assalamu alaikum ƴan uwa, ina kwananku, ina gajiya? Yau da damuwa na zo. Wata baiwar Allah a unguwarmu ta ba ni aikin taurari 60 na kwarashi, farare da koraye, za ta jera su a igiya ta rataya a falo don Sallah. Na saƙa 40 cikin kwana tara. Da na ga kunnuwansu suna naɗewa, sai na dafa sukari da ruwa yadda na gani a wani bidiyo, na tsoma su, na shanya kan tabarma a ɗaki. Da asuba na tarar kiyashi ya rufe su baƙi ƙirin. Na kwashe na wanke, koren ya zuba a kan farin. Yanzu duk 40 ɗin babu na nuna wa mai su. Saura kwana 19 Sallah. Don Allah da me kuke sandarar da naku?

Hajiya Mai Ulu, Yamai: Wa alaikumus salam. Sannu ƴata, Allah ya mayar da alheri. Sukari ba na ƙasarmu ba ne a wannan aikin. Masu yin bidiyon nan suna zaune inda sanyi ke korar ƙwari wata da watanni. Mu nan ko ɗigon shayi ya faɗi ƙasa kin san abin da ke biyo baya. Ki nemi ƙaro, wanda ake sa wa shadda. Ki jiƙa ɗan dunƙule a ruwan ɗumi tun dare, da safe ki tace da ƙyalle mai laushi don ɓawon itace da yashi su fita. Ki tsoma tauraron, ki matse shi a tafin hannu, kada ki murɗe. Shekara ta fi 20 ina yi da shi.

Ramatu, Tawa: Hajiya, ki yi haƙuri, ni ƙaro ya taɓa ɓata mini farin zare. Ya bushe da ɗan ja-ja kamar ruwan tafki. Sitacin rogo na fi yarda da shi a kan fari.

Hajiya Mai Ulu: Kin sayi jan ƙaro ne, Ramatu. A tire guda za ki ga mai duhu da mai haske kamar ƙanƙara. Ki zauna ki tsince masu hasken. Amma ban ƙi maganarki ba, in fari tas ake so sitaci ya fi, sai dai a dafa shi ya yi kamar kunu marar kauri, a bar shi ya huce. Ɗanyen sitaci gari yake bari a kan zare.

Malama Zeinabu, Yamai: Maman Nafisa, kafin maganar ƙaro ko sitaci, ina ganin matsalar ta faro tun daga saƙar. Tauraron da aka saƙa daidai ba ya naɗewa sosai ko ba a sa masa komai ba. Yaya kike fara shi, kuma lamba nawa ce kwarashinki?

Maman Nafisa: Malama, zaren auduga ne siriri, kwarashi mai lamba 2. Ina yin zobe, in zuba dogaye 12 a ciki, wato ɗaurin da ake naɗa zare sau ɗaya a ƙugiya kafin a soka, sannan in fitar da kunnuwa biyar.

Malama Zeinabu: To ga shi nan. 12 ba ta rabuwa gida biyar, dole wani kunne ya ci wurin wani, shi ya sa suke karkacewa. Ki zuba 15, har da sarƙa ukun farko da ke tsayawa a matsayin doguwa ɗaya. Ki rufe zoben. Kowane kunne: sarƙa 5, ki tsallake ta kusa da ƙugiya, ki sa gajera a ta biyu, rabin doguwa a ta uku, doguwa a ta huɗu, doguwa mai naɗi biyu a ta biyar. Sai ki tsallake ido biyu a jikin zoben, ki kama na uku da zamiya, wato ki jawo zaren ta cikin idon da madaukin ƙugiya a ja ɗaya. Uku sau biyar 15, kin dawo inda kika faro ba ragi ba ƙari. Kuma ki sassauta hannu a wajen sarƙar nan biyar. Yawancinmu muna matse sarƙa fiye da sauran saƙa, ita ce ke jawo kunnen ya lanƙwashe.

Ga waɗanda suka koya a fwaye, wato gidan koyar da mata sana'a, da sunayen Faransanci: doguwa ita ce birid, gajera ita ce sere. Ni na fi son sunayen Hausa domin ɗalibaina mata da ba su yi lakkol ba nan take suke kamawa.

Fati ƴar Ƙonni: Malama Allah ya saka da alheri. Ni abin da ke rikita ni a intanet, sai in bi bayani daidai amma abin ya fito rabin girman na hoton.

Malama Zeinabu: Ƙanwata, in bayanin na Turanci ne, ki duba ko na Amurka ne ko na Ingila. Suna ɗaya suke kira, saƙa daban suke nufi: abin da ƴan Ingila ke kira dabul, wato mai biyu, shi ne gajerarmu, a wajen ƴan Amurka kuwa wannan sunan doguwa ce. Ki bar rubutun, ki nemi zanen alamomi. Ɗan ƙwai shi ne sarƙa, gicciye ko ƙari shi ne gajera, sanda mai hula da ɗan kara ɗaya a gicciye a jikinta ita ce doguwa. Wannan zanen ko daga Japan ya fito za ki karanta shi.

Tanti Hadiza, Tawa: Ni dai ku bar ni in faɗi abin da ke cina tun da na ga wannan magana. Me ya sa kullum sai abin da muka gani a waya? Bara na shiga gidan wata amarya a nan Tawa, an rataye mata furen ƙanƙarar Turawa mai kunne shida tun daga ƙofa har taga. Ana zafin da ko kare ba ya fita, mu kuma muna rataya ƙanƙarar da ba mu taɓa gani ba. Mu da muke da faifai! Ku ɗauki faifan kakarku ku dube shi da kyau: zobe cikin zobe, ja da baƙi da launin kaba, haƙora-haƙora a baki. Saƙar zagaye ce tsaf, irin wadda kwarashi ya fi iyawa. Ga zanen ƙwarya, ga dagi da ke jikin riguna da bangon gidaje, ga adon da dukawa ke yi a fata. Ga giciyen azurfa na maƙeran Buzaye, ana lissafa 21, kowane da garinsa, kuma Tawa tana da nata kamar yadda Agadas da Ingal da Damagaram suke da nasu. Baƙi suna zuwa har gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai su sayi waɗannan abubuwa, mu masu su muna kwaikwayon na wasu. Abin yana yi mini ciwo wallahi.

Aisha, Yamai: Tanti, da girmanki, amma ni mai sayarwa ce. Abin da mai kuɗi ya ce shi nake saƙawa. A watan Disamba maƙwabtanmu Kirista da ma'aikatan ƙungiyoyi suna sayen furen ƙanƙarar nan da ƙararrawa, da kuɗin na biya wa yarana lakkol. In na ce musu sai faifai, wajen wata za su tafi.

Tanti Hadiza: Ban ce ki ƙi ciniki ba, ƴata. Wanda bikinsa ne ya saya, hakkinsa ne, ki saƙa masa da kyau. Ina maganar ɗakunanmu ne da Sallarmu. Kin taɓa ajiye namu kusa da nasu a teburinki kika ga ba a saya ba?

Aisha: Gaskiya ban taɓa gwadawa ba. Ban ma san ta inda zan fara giciyen Agadas da kwarashi ba, ga zobe a sama ga hannuwa masu tsini.

Malama Zeinabu: Akwai hanya, kuma ba ta da wuya. Saƙar raga. Ki ɗauki kayen ƴan lakkol mai ƙananan gidaje, ki zana siffar a kai, ki cike gidajen da ke cikin zanen da biro. Kowane gida fari: doguwa ɗaya da sarƙa biyu. Kowane gida cikakke: dogaye uku. Layi-layi za ki bi daga ƙasa zuwa sama, siffar tana fitowa da kanta. Duk adon da ke da kusurwa yana shiga wannan hanya, dagi ma haka, har zanen bargon tera-tera na Zabarmawa da ake kai wa amare. Abin lura ɗaya: gidan raga yakan fi faɗi a kan tsawo, to in kika ga giciyen ya fito gajere mai ƙiba, ki ja dogayenki su ɗan ƙara tsayi. Ki fara da gida 21 a faɗi, lamba marar biyu, don ki samu layin tsakiya.

Aisha: Zan gwada bayan Sallah. Amma Tanti, in ba a saya ba zan aiko miki da su Tawa ki saya.

Tanti Hadiza: Aiko, zan saya, in kuma raba wa ƴaƴana a kayan ɗaki.

Baba Mai Hula, Tawa: Salamu alaikum. Ku gafarce ni in sa baki cikin zancen mata, ɗiyata ce ta nuna mini. Ni hula nake saƙawa da kwarashi tun ina saurayi. Maman Nafisa, abu biyu. Na ɗaya, koren da ya zuba: duk zaren da kika saya mai launi, yanki taƙi guda, jiƙa shi da ruwan zafi, matse shi cikin farin ƙyalle. In ya bar shaida, wanke ƙullin gaba ɗaya kafin ki fara, har ruwan ya fita fari. Na biyu, a wannan zafin gumin hannu yana rina farin zare, ba a gani sai an gama. Ajiye ruwa da tsumma kusa da ke, kuma sa ƙullin cikin kwano mai murfi, zaren ya fito ta gefe. Allah ya ba da sa'a.

Maman Nafisa: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Mai shagon ya rantse mini auduga ce tsantsa kuma ba ta zuba.

Ramatu: Rantsuwar kasuwa ke nan. Ki gwada da ashana. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, warinta ma na takarda ne, ta bar toka mai laushi. Ulun roba narkewa yake, ya dunƙule baƙi ya yi tauri. Wannan ba don ƙyau kawai ba ne. Na roba ba ya shan sitaci sosai, dutsen guga yana kwantar da shi ya mutu, kuma kada a kuskura a yi abin sauke tukunya da shi. Ni na ga mayafin tebur na roba da aka ɗora wa kaskon turaren wuta, rami ya yi a tsakiya nan take. Duk abin da zai kusanci wuta ko butar shayi, auduga.

Fati ƴar Ƙonni: Zaren ma yanzu sai a hankali. Mu nan yawanci ta Illela yake shigo mana daga Sakkwato da Kano. Lokacin da aka rufe iyaka a 2023 na yi wata biyu ina warware tsofaffin rigunan sanyi na gwanjo ina saƙa da su. A nan na gane amfanin ƙananan adon nan: guntun zaren da bai isa hular jariri ba yana fitar da fure uku. Yanzu ba na zubar da ko taƙi ɗaya, gwangwanin madara na cika da su.

Hajiya Mai Ulu: Maman Nafisa, ban ji kin faɗi nawa kuka yi da matar ba.

Maman Nafisa: Dala goma kowane ɗaya, Hajiya. Jaka uku duka.

Hajiya Mai Ulu: Inna lillahi. Zaren fa, na wa?

Maman Nafisa: Nawa ne. Na kashe jaka ɗaya da rabi, yanzu kuma sai na sake saye.

Hajiya Mai Ulu: Zauna mu yi lissafi, ƴata, don wannan ya fi kiyashin ciwo. Tauraro ɗaya, da saƙa da ɓoye bakin zare da shanya, ba ya kasa minti 15. Sau 60, awa 15 ke nan. Kin cire kuɗin zare, saura jaka ɗaya da rabi. Dala ashirin a awa. Idonki, wuyanki, yatsunki, dala ashirin. Mai wankau ba zai karɓi wannan ba. Kuma ba ke kaɗai kika cuta ba: gobe in Ramatu ta ce dala talatin, za a ce mata ai Maman Nafisa goma take yi. Haka muke karya junanmu. Na sha zuwa baje kolin sana'ar hannu ta mata, SAFEM, a nan Yamai, na ga mata daga wasu ƙasashe suna faɗin kuɗin aikinsu ba tare da sunkuyar da kai ba, mu kuwa sai mu ce "ba da abin da ya sauwaƙa". Ni a ƙauyen masu sana'a na Wadata na koyi buɗe baki, da na ga maƙeri yana ƙirga wa mai saye kwanakin da ya yi a kan abin wuya guda.

Aisha: Hajiya, a Yamai ne za ki faɗi haka. Kuma ko a nan, sai mai saye ta ce ga na kanti a Babbar Kasuwa, dozin guda da arha.

Hajiya Mai Ulu: Ki ce ta juya bayansa ta gani. Wancan leshin inji ne aka yanka, ja zare ɗaya ya bi hannunki. Naki kowane ido da hannu aka ɗaura shi, a wanke a sake sa sitaci a rataya Sallah biyar. Wadda ke son na kanti ta saya, ba faɗa. Amma kada ki sayar da naki a kuɗin nasa.

Ramatu: Ni ina tsakiya. A Tawa in kin tsaya kan dala talatin kowane ɗaya za ki kwana da kayanki. Abin da nake yi, ba na sayar da ɗaiɗai. Ina haɗa igiya guda: taurari bakwai, jinjirin wata biyu, tuntu a kowane baki, in faɗi kuɗin igiyar. Mutum ba ya raba kuɗin a kansa, abin da ya gani ya yi masa kyau yake saye. Kuma rabin kuɗi kafin in taɓa zare.

Maman Nafisa: Maƙwabciyata ce, tare muke biki da suna. Da wane baki zan koma in ce na ƙara kuɗi, bayan ni na ɓata aikin?

Tanti Hadiza: Wannan karon kada ki ƙara, magana ta riga ta fita, cika ta. Amma ranar da za ki kai mata, ki faɗa mata cikin hira awa nawa ya ci. Ba roƙo ba ne, sanarwa ce don gaba. Mace mai hankali za ta gane.

Fati ƴar Ƙonni: Yaya Ramatu, jinjirin watan fa? Nawa kullum kamar ayaba yake fitowa.

Ramatu: Sarƙa 14. Ki fara da zamiya, gajera, rabin doguwa, sai dogaye, ki sauko da yadda kika hau. Sirrin yana tsakiya: idanu huɗu ko biyar na tsakiyar ki zuba dogaye biyu-biyu a kowane. Bayan ya fi cikin yawa, dole ya lanƙwasa. In kina son ya ƙara rufewa, ƙara yawan idanun da kike ninkawa. Wajen shanya ki ja bakunan biyu su yi tsini.

Malama Zeinabu: Shanyar nan ita ce rabin aikin, kuma a nan ake gaggawa. Maman Nafisa, ki samu kwali mai kauri, ki rufe shi da leda don kada ya manne ko ya ba da launi. Ki zana da'ira a takarda ki sa ƙarƙashin ledar. Don kunnuwa biyar su daidaita, ki dubi fuskar agogo: minti 12, 24, 36, 48 da 60, nan kowane tsini zai zauna. Ki kafe tsakiya tukuna, sannan kowane kunne da allura mai kai, wadda ba ta tsatsa, domin tsatsa a farin zare ba ta fita. A inuwa, ba a rana ba, kuma ki rufe da gidan sauro saboda ƙura. Da iskar Tawa kafin la'asar sun bushe. In kin zana da'ira goma a kwali ɗaya, kwana shida sun ishe ki shanya duka.

Hajiya Mai Ulu: Ƙari ɗaya. In damina ta sauka, ƙaro da sitaci duk suna saki, kyankyasai ma suna son sitaci. Bayan Sallah ta sauke su, ta sa a gwangwani mai murfi. Wanda ake so ya dawwama, kamar na maƙalin mabuɗi, farin gam na kafinta rabi da ruwa rabi. Shi kam ba ya wankuwa, ki sani.

Tanti Hadiza: Su 40 ɗin da suka ɓaci kada ki zubar. Ki tara ɓawon albasa, ai mu ne gidan albasa, ta Galmi har ƙasashen waje ake kai ta. Ki jiƙa fararen da ruwan alif, ki dafa ɓawon har ruwan ya yi duhu, ki tace, ki zuba su su kwana. Za su fito da launin ƙasa-ƙasa mai ruwan zuma, tabon koren ya ɓace a ciki in bai yi yawa ba. Kada ki gwada zoɓo, jansa yaudara ne, wanki ɗaya ya koma toka-toka. In ja kike so, karan dafi na dukawa. Rinin gida yana koɗewa a rana, na cikin ɗaki ne.

Maman Nafisa: Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana 12. Na sake 60 da dogaye 15 kamar yadda Malama ta ce, tun kafin sitaci sun kwanta. Fararen na sa musu sitacin rogo, korayen ƙaro mai haske, na wanke zaren koren sau uku kafin in fara. Na kai mata jiya, na kuma faɗa mata awannin kamar yadda Tanti ta ce. Ta yi shiru, sannan ta ƙara mini jaka ɗaya, ta ce ƙanwarta ma tana so na bikin suna.

Tsofaffin na rina 22 da ɓawon albasa, sauran tabon ya yi yawa. Na ɗinka su a bakin wani tsohon faifai na mahaifiyata na rataya a bango, duk wadda ta shigo sai ta tambaya. Tanti, na zana giciyen Tawa a kayen Nafisa daga abin wuyan da nake da shi, amma ƙasan yana fita mini a karkace. Gida nawa zan ba shi a tsawo?

Tanti Hadiza: Madalla ƴata. Kawo kayen da abin wuyan gidana ranar Alhamis bayan la'asar, mu ƙirga tare. Ki zo da guntayen zarenki.